Aikin Bincike Bayan Digirin Digirgir: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Samaru

Da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da zancen nan ba, ko a ƙofar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ko a hanyar fitowa daga masallaci bayan azahar, ko ta waya da daddare. Galibi matasan malamai ne da suka kare kundin digirin digirgir ɗinsu a kimiyya ko injiniya, tawadar sa hannun masu jarrabawa ba ta gama bushewa ba, suna tambayar abin da ke gaba. Na yi wannan aiki na bincike bayan digirgir, wanda ake kira fosdok, shekara biyu a ƙasar waje, na dawo na ci gaba da koyarwa a nan Zariya. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda, yadda aka yi mini su, da amsar da nake bayarwa.

Dakta, wai shi fosdok ɗin nan wani digiri ne a saman digirgir?

A'a. Babu lacca, babu jarrabawa, babu rigar yaye ɗalibai. Aiki ne na wa'adi, yawanci shekara ɗaya zuwa uku, wanda mai digirin digirgir yake yi a ɗakin gwaje-gwajen wani babban mai bincike, ana biyansa albashi ko alawus. Mutum ya bar matsayin ɗalibi, amma bai kai ga riƙe ɗakin gwaji na kansa ba. Kamar yaron maƙeri ne da ya iya ƙira, sai ya je wata maƙerar ya zauna ya ga yadda ake sayen ƙarfe, yadda ake yanka farashi, yadda ake riƙe yara, kafin ya hura tasa wutar.

Abin da ake fita da shi maƙalu ne da aka buga a mujallun kimiyya, da hannun da ya ƙware a wata fasaha, da mutanen da za su amsa wasiƙarka bayan shekara goma.

Ni fa ina da aikina a jami'a, na kusa zama Lakcara I. Me zai ƙara mini?

Tambaya ce mai kyau, domin a nan tsarinmu ya bambanta da na Turai da Amurka. A can mutum yakan gama digirgir ba shi da kujera, sai ya yi ta fosdok har ya samu gurbin koyarwa. Mu kuwa yawancinmu mun riga mun kama aiki tun muna mataimakan malamai, muka yi digirin muna koyarwa. To kai ba neman aiki zai kai ka ba.

Abin da zai ba ka shi ne lokaci. Duba makonka na yanzu: aji mai ɗalibai ɗari uku, takardun jarrabawa jibge a ofis, kundayen 'yan ajin ƙarshe, taron sashe, aikin jami'in jarrabawa idan an ɗora maka. Yaushe rabonka da ka shiga ɗakin gwaji tun safe ka fito da yamma ba wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa? Shekara biyu na bincike zalla sukan haifar da abin da mutum zai yi shekara goma bai haɗa ba a tsakanin laccoci. Kuma a lokacin ne za ka fita daga inuwar wanda ya duba maka kundi. Da yawa daga cikinmu har mu zama manyan lakcarori, tambayar malaminmu muke ta juyawa, muna canza mata riga. Wannan ba laifin malamin ba ne. Ba mu taɓa samun sararin da za mu nemi tamu tambayar ba.

A nan Zariya ba za a iya yi ba sai an ƙetare?

Ana iyawa, sai dai guraben kaɗan ne, domin yawancin kuɗin bincike da ake bayarwa a gida na sayen sinadarai ne da zuwa fili, ba su ɗauke da albashin cikakken mai bincike. Inda aka fi samun irin wannan gurbi shi ne ayyukan da ke da tallafi daga waje.

Amma kada wannan ya sa ka raina garin. Ban san wani gari a Arewa da ya tara cibiyoyin bincike kamar Zariya ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a Samaru ta samo asali tun 1922, shekara arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga cikinta ne aka fitar da irin wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka amince da shi a 2019. A Shika akwai NAPRI ta binciken dabbobi, ga asibitin koyarwa. A Basawa akwai NARICT ta fasahar sinadarai. Ga NILEST ta fata da ƙirgi. A Cibiyar Binciken Makamashi ta CERT kuma akwai tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom maras ƙarfin tacewa a 2018. Da ita ake harba wa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko ganye ƙwayoyin niyutiron, sai hasken da samfurin ya fitar ya nuna irin ma'adinan da ke cikinsa da yawansu. Akwai ƙasashen Afirka da dama da ba su da irin wannan na'ura ko ɗaya. Sannan jami'ar tana da cibiyoyi biyu cikin shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, ɗaya kan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ɗaya kan sababbin hanyoyin koyar da injiniya.

Shawarata dai, ko a gida za ka yi, kada ka yi a ɗakin da ka yi digirinka. Mai kimiyyar sinadarai ya koma wurin masu aikin gona, injiniya ya shiga cikin likitocin dabbobi. Sauyin wuri shi ne rabin amfanin abin.

To wa ke biya?

Hanya biyu ce. Ko dai wani farfesa ya samu tallafin bincike ya tallata gurbi, ka nema kamar yadda ake neman kowane aiki, ka yi abin da ke cikin shirinsa. Ko kuma kai ka rubuta naka shirin, ka samo wanda zai karɓi baƙuncinka, ku nemi kuɗin da sunanka. Ta biyun ta fi wuya, ta kuma fi daraja, saboda tambayar taka ce, idan ka tashi dawowa da ita za ka dawo.

A ta biyun, wanda nake fara nuna wa mutanenmu shi ne tallafin Georg Forster na Gidauniyar Alexander von Humboldt a Jamus, domin an ware shi ne musamman don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. Wata 6 zuwa 24 ne, ana koya maka Jamusanci, akwai alawus na iyali, akwai kuma tallafin dawowa gida da na sayen kayan aiki bayan ka dawo. Tarayyar Turai tana da na Marie Curie, wanda gasarsa take da zafi ƙwarai. Japan tana da na JSPS, hukumarta ta tallafa wa binciken kimiyya, wata 12 zuwa 24. Cibiyar TWAS ta bunƙasa kimiyya a ƙasashe masu tasowa, da ke birnin Tiriyaste a Italiya, tana tura masu bincike zuwa Indiya da Barazil da Pakistan da Malesiya. Masu binciken magungunan gargajiya da yawa daga nan sun je Karachi saboda na'urorin gano surar sinadarai da ke can. Jami'o'in Afirka ta Kudu su ma suna ɗaukar 'yan fosdok da yawa, kuma 'yan Najeriya ba baƙi ba ne a wurinsu. A gida akwai TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, wadda ke bi ta hannun jami'arka. Sharuɗɗan kowanne sukan canza, saboda haka karanta sanarwar shekarar da kake ciki da idonka, kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce, har da ni.

An ce kuɗin da yawa. Gaskiya ne?

Idan ka buga shi da naira zai yi maka kama da dukiya. A 2024 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta sa mafi ƙarancin alawus ɗin sabon ɗan fosdok a kan dala 61,008 a shekara. Cire haraji da hayar ɗaki da inshorar lafiya, za ka ga a can ɗin matsakaicin ma'aikaci ne kai. Za ka rufa wa kanka asiri, ka aika wani abu gida, ka yi ɗan tanadi idan kana da tattali. Ka faɗa wa 'yan'uwa wannan tun kafin ka tafi.

Na gama tun shekara shida da suka wuce. Na makara ke nan?

Wasu ƙofofin sun rufe, wasu suna buɗe. Yawancin masu ba da tallafi ba shekarun haihuwarka suke ƙirgawa ba, shekarun digirinka suke dubawa. Humboldt tana karɓar ɗan fosdok cikin shekara 4 da gamawa, amma tana da rukunin ƙwararru har zuwa shekara 12. JSPS shekara 6 ce. Marie Curie shekara 8 na aikin bincike. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane suke cewa bari su huta tukuna, bari a ƙara musu girma tukuna, har agogon ya cinye. Wanda yake shekarar ƙarshe ta digirinsa yanzu, yau ya kamata ya fara neman mai masauki.

Na aika wa farfesoshi sama da hamsin imel, ko ɗaya bai amsa ba. Me na yi ba daidai ba?

Ina jin wasiƙa ɗaya ka rubuta ka yi ta canza suna. Suna ganewa tun daga layin farko. Mu a al'adarmu mukan fara da doguwar gaisuwa da yabo, kuma abu ne mai kyau a muhallinsa, amma wanda ke samun wasiƙa ɗari a rana ba zai kai sakin layi na uku ba.

Zaɓi mutum biyar kawai. Karanta maƙalunsu na shekara uku da suka wuce, karatu na gaske, har da sashen hanyoyin gwaji. Sannan ka rubuta gajeriyar wasiƙa: ga ni, ga abin da na yi a digirina a jimla biyu, na karanta aikinka kaza, na lura ba a gwada shi a kan abu kaza ba, ni kuwa ina da wannan abin a hannuna, kuma ga tallafin da nake so mu nema tare. Wannan jimlar ta ƙarshe tana da nauyi, don ka nuna masa ba aljihunsa ka zo nema ba. Haɗa da tarihin aikinka shafi biyu da maƙala ɗaya da ka fi alfahari da ita. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, ka wuce gaba.

Kada kuma ka manta da malaman sashenku da suka taɓa zuwa. Layi biyu daga wanda farfesan ya sani sun fi shafi goma daga baƙo.

Maƙala nawa ake bukata?

Biyu ko uku masu kyau, da sunanka a farko, a mujallun da masana fanninka suke karantawa. Mujallun nan da ake biya yau a buga jibi ba tare da kowa ya tantance ba, cire su daga tarihin aikinka gaba ɗaya. Ba sa ƙara maka komai a wurin masu tantancewa, sai ma su sa a yi shakkar sauran.

Wane irin bincike ya kamata in zaɓa?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Mutane sukan zaɓi ƙasa tukuna, sannan jami'a, sai a ƙarshe su tuna da tambayar bincike. Ni a ganina daga ƙarshen ya kamata a fara.

Na san mutum mai hazaƙa ƙwarai da ya yi shekara uku a kan wata na'ura da kuɗinta ya fi kasafin tsangaya guda, ya buga maƙalu masu kyau, ya dawo. Tun ranar da ya sauka bai sake yin gwaji ko ɗaya a wannan fannin ba, don babu na'urar, babu mai gyaranta, babu wutar da za ta riƙe ta. Ilmin yana kansa, hannunsa a ɗaure. Duk lokacin da na gan shi yana shiga aji da alli a hannu sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin asarar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Kwatanta da marigayi Farfesa Andrew Nok na sashen nazarin sinadaran jiki a nan Samaru. Ya yi aiki a Jamus, amma tambayarsa ta gida ce: ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai jawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane, ta yaya take ƙarar da jinin dabba? Ya bi diddigin wani sinadari da ƙwayar cutar ke fitarwa, wanda yake kankare wani sashe na bayan jajayen ƙwayoyin jini har jiki ya riƙa halaka su da kansa. A kan wannan layi ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009, ya kuma yaye ɗalibai masu yawa da suke ci gaba da aikin bayan rasuwarsa a 2017. Na'urorin suna can, shanun da cutar suna nan. Saboda haka su ma na can suna bukatarsa.

Irin waɗannan tambayoyi sun yi mana yawa. Wuta-wuta da ke cinye dawa da masara. Gubar fumfuna a gyaɗa da masara da aka adana da danshi. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Farar ƙasar Ƙanƙara da injiniyoyin sinadarai na nan suka daɗe suna sarrafawa don samar da abin da ake tace man fetur da shi. Yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin faifan sola. Ruwan Kubanni da abin da ke kwarara cikinsa. Duk wanda ya je wa farfesan waje da ɗaya daga cikin waɗannan, da samfur a hannunsa da sanin fili a kansa, ba roƙo ya je yi ba, haɗin gwiwa ya kawo.

Zan iya zuba samfur a jaka in tafi da shi?

Kada ka kuskura. Iri, ƙasa, jini, ƙwayoyin cuta, duk suna bukatar takardar izinin fita daga nan da ta shiga daga can, sannan a sa hannu a yarjejeniya tsakanin jami'o'in biyu da ke fayyace wa ya mallaki samfurin da abin da za a samu daga gare shi. Akwai yarjejeniyar duniya ta Nagoya ta 2010 a kan haka. Takardun sukan ci watanni, to ka fara da wuri.

Yaya rayuwar ɗakin gwajin take?

Kwanakin farko akwai ƙanƙan da kai. Kai da ake kira Dakta ana miƙe maka a aji, sai ka tarar ɗalibar digiri na biyu ce za ta koya maka riƙe wata na'ura, farfesan kuma da sunansa kowa ke kiransa. Ka karɓi wannan da zuciya ɗaya. Ka tambayi abin da ba ka sani ba tun a makon farko, lokacin da ba wanda zai ga baikenka.

Kowane mako akwai zaman ɗaki, inda za ka nuna sakamakonka, har da gwajin da ya ƙi. Za a yi maka tambayoyi masu kaifi, ƙaramin ɗalibi ma zai ce bai yarda ba. Ba raini ba ne, haka ake tace aiki. Duk abin da ka yi ka rubuta shi a littafin ɗakin gwaji da kwanan wata, don littafin mallakar ɗakin ne, kuma shi ne shaidarka in an yi gardama. Za a ba ka ɗalibai ka duba. Ka roƙi a sa ka cikin rubuta neman tallafi, ko da gyaran kasafi ne, saboda wannan ita ce sana'ar da ba a koya mana ba. Maganar jerin sunaye a maƙala kuwa, ku yi ta tun aiki bai fara ba, a rubuce. Kunya a wannan wuri takan jawo ɓacin ran da ya fi ta ciwo.

Masu kula da na'urori, waɗanda ba sa cikin jerin farfesoshi, su ne suka fi koya mini abin da nake amfani da shi yau.

Malam, ni matar aure ce da yara uku. Akwai hanya kuwa?

Akwai, Malama, kuma wasu sun bi ta. Da yawa daga masu ba da tallafi suna cire lokacin haihuwa da reno daga ƙirgen shekarun nan da na ambata, sai dai ki rubuta shi a fili a takardar nema. Akwai kuma waɗanda na mata ne kaɗai: na OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, wanda ake yin aikin a gida, da na Gidauniyar Schlumberger, da na L'Oréal da UNESCO. Idan shekara biyu a waje ba za ta yiwu ba, ana iya raba ta: wata uku ko shida a can don aikin da ke bukatar manyan na'urori, sauran a nan. Abin da na gani ya fi taimakawa shi ne a zauna da maigida da iyaye tun ana rubuta takardar nema, a tsara maganar yara da makaranta, kada sai biza ta fito a fara shawara.

Jami'a za ta sake ni?

Sai ka nema ta hanyar shugaban sashe, a rubuce, da wuri, ka kuma taimaka a samo wanda zai riƙe kwasa-kwasanka da ɗalibanka. Za ka sa hannu a kan alkawarin dawowa ka yi aiki na wani lokaci. Karanta shi da kyau kafin ka sa hannu, in ka sa kuma ka cika. Duk wanda ya tafi ya ƙi dawowa, na bayansa ne ke shan wahalar samun izini.

Me zan shirya kafin in dawo?

Wata shidan ƙarshe na shirin gida ne. A wani ɗakin gwaji da na taɓa aiki bayan dawowata, na yi asarar samfuran wata takwas cikin hutun mako ɗaya, wuta ta ɗauke, janareta ba mai, firizar da ya kamata ta zauna a digiri 80 ƙasa da sifili ta narke. Da na yi tunani tun ina can, da na koyi busar da samfur da adana shi a kan takarda ta musamman, da kuma na fara neman kuɗin sola da batura kafin na nemi kowace na'ura.

Saboda haka ka zauna da mai kula da na'urori ku bi kowane gwaji da ka koya mataki-mataki: wanne ne zai yiwu ba tare da wuta ta tsaya ba, wane sinadari ne yake lalacewa a zafin watan Afrilu, wanne za a iya haɗawa da hannu maimakon sayen na kwali. Ka koyi kwance ƙananan na'urori da mayar da su. Ka rubuta takardar neman tallafi ɗaya tare da mai masaukinka, da sunanka a matsayin jagora, ku aika kafin ka hau jirgi. Ka nemi alkawarin cewa samfuran da suka fi ƙarfin kayan aikinmu za ka riƙa aika masa, kuma ɗalibinka ɗaya zai je wata uku a shekara mai zuwa. Sannan ka rubuto wa shugaban sashenku ka nemi ɗaki, ko ƙarami ne, mai tagar da ke rufuwa sosai saboda ƙurar hunturu, da famfon da ke kawo ruwa.